Babur ɗina yana ɗigar da baƙin mai, an canza fakin sau biyu bai daina ba

Malamin Firamare, Funtuwa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan inji. Babur ɗina mai injin CG 125 ne, na hannu na saye shi a 2011, kuma shi nake hawa kullum daga Funtuwa zuwa makarantar da nake koyarwa a hanyar Bakori. Ban taɓa buɗe masa ciki ba, in ban da ringi da aka canza sau ɗaya.

Tun da muka koma aiki bayan dogon hutu ya tsiro da wannan hali. Duk inda na kafe shi, in na dawo sai in tarar da ɗigon baƙin mai a ƙasa, ta hagu, daidai ƙasan ƙafar giya. Da farko bai fi faɗin murfin kwalba ba, yanzu ya kai tafin hannu. Uwargida ta kore shi daga tsakar gida saboda siminti, a zaure yake kwana.

Na kai wa bakanike, ya leƙa ya ce fakin kai ne, wato shimfiɗar da ke hana yoyo tsakanin kan injin da jikinsa. Aka canza. Kwana uku abu ya dawo. Na koma, ya ce jabun fakin muka samu, aka sake sayo wani, wannan karon har da shafa gam. Yau mako guda, ɗigo na nan daram. Ba ya hayaƙi, ƙarfinsa bai ragu ba, bugu ɗaya yake tashi. Yanzu kuma wai sai an sauke injin an raba shi biyu. Albashin malamin firamare kun san shi. Kafin in yarda, akwai abin da zan iya dubawa da kaina?

Tsohon Ɗan Acaɓa:

Wa alaikumus salam Malam. Ni na yi acaɓa a Kano shekara bakwai kafin a hana goyo a 2013, kuma ban taɓa riƙe tsohon babur da ba ya gumi ba. Ka zuba masa mai mai kauri, ka sa a ƙara ɗaure notocin murfi, inda yake tsattsafowa a lafta gam. Ka riƙa yawo da ɗan mai a gora kana ciko. Haka muka lallaɓa namu.

Bakanike, Tudun Wadan Zariya:

Malam, kada ka bari a raba injin nan tukuna. Kuma ɗan'uwa na sama ya yi haƙuri, shawararsa ta mai neman kuɗin balas ɗin yau ce. Jikin injin alminiyam ne, in ka matsa wa noti sai zaren ya cinye, ɗigo ɗaya ya zama biyu. Gam kuma in ya yi yawa, rarar da ta matso ta ciki ɓallewa take yi ta je ta toshe rariyar mai. Na sha ciro shi kamar taliya.

Abin da yaranmu ba sa haƙurin yi shi ne wannan: inda mai yake ɗiga daban, inda yake fitowa daban. Mai gangarowa yake yi, in kana gudu kuma iska ta kora shi baya, ƙura ta manne masa, duk injin ya yi baƙi ƙirin. Wanda ya kalli injin da bai wanku ba ya ce ga inda yake yoyo, canki-canka yake yi da kuɗinka.

Ranar Asabar ka zauna da shi. Ka bari ya huce, ka cire murfin da ya rufe ƙaramin sufaket na gaba (faifan nan mai haƙora da ke jan cen), ka wanke injin tas da kananzir da tsohon buroshi, ka bi da ruwan omo, ka bar shi a rana ya bushe ƙarau. Sai ka ari hodar jarirai a cikin gida (ka ce ni na aiko ka) ka barbaɗa ta ko'ina: bakin murfin kai, mahaɗar kai da bulo (gidan fistin), gindin bulo, kewayen sufaket, sandar giya, sandar kik, da babban murfin nan na ƙasa da ake kwancewa a juye mai. Ka shimfiɗa kwali a ƙasa, ka tayar da shi ya yi minti goma yana aiki a tsaye, ka kashe, ka haska da fitilar waya. In ba ka ga komai ba, ka zaga unguwa a hankali ka dawo. Mai zai ja layi baƙi a cikin farar hoda. Ka bi layin zuwa sama, wurin da ya fi ko'ina tsayi shi ne ɓarawon.

Ni dai daga bayaninka ban yarda da fakin kai ba. Da shi ne, za ka ga haƙarƙarin bulo ya jiƙe tun daga sama, kana jin ƙaurin mai in ya yi zafi. Hagu, ƙasan ƙafar giya, abu uku nake zargi: sil ɗin bayan sufaket (zoben robar da ke tare mai), sil ɗin sandar giya, ko robar murfin juye mai da ta bushe. Duk ukun ana canza su injin yana kan babur.

Tambaya biyu. Da me kake shafa wa cen? In tsohon baƙin mai kake zuba masa, shi ma taruwa yake a bayan murfi ya riƙa ɗiga, a yi ta zargin inji. Sannan yaya kake auna mai? Injin nan cikinsa kusan lita ɗaya ne. A kafe shi a tsaye a kan sitan ɗin tsakiya, a goge ma'auni, a ɗora shi a bakin ramin ba tare da an murɗa ba. Masu ciko da ido sukan wuce layi, mai kuma in ya yi yawa sai ya nemi hanya.

Mai Gyaran Janareta:

Oga ya gama magana, abu ɗaya zan ƙara. Malam ya ce bayan dogon hutu abin ya fara, wato babur ya yi makonni a ajiye cikin damina. Ka duba tiyon numfashi, ɗan baƙin tiyon da ya fito daga bayan injin ya sauka ƙasa. Zanzaro yana son irin wannan rami, ya cika shi da laka ya yi ɗaki. In ya toshe, iskar da fistin ke turawa cikin injin ba ta da mafita, sai ta tunkuɗo mai ta sil ɗin da ya fi rauni. A janareta na gamu da wannan ya fi a ƙirga. Ka zare shi ka busa.

Malamin Firamare, Funtuwa:

Jama'a, Allah ya saka da alheri. Na yi yadda Oga ya ce. Saman injin ko ɗis babu, hoda fara fat har yanzu, wato fakin biyu da na saya sun tafi a banza. Layin ya fito ne daga bayan ƙaramin sufaket, ya gangaro ta kan sandar giya, shi ya sa nake ganin kamar daga can ne. Tiyon numfashi kuwa na busa har kunnena ya yi ƙara, iska ba ta wuce ba. Da na zura waya sai ga busasshiyar laka da 'yan tsutsotsi. Kuma na amsa laifina, man ya haura layin sama, don kullum na ga ɗigo sai in ƙara. Na rage shi. Ɗigon ya ragu sosai amma bai tsaya ba. In bar sil ɗin haka, ko in canza?

Bakanike, Tudun Wadan Zariya:

Canza shi Malam, leɓensa ya riga ya saki, kuma man da ke fita nan cen ne ke watsa shi kan tayar baya. Ranar da ya same ka a kwana ba za ka ji daɗi ba. Ka tafi kasuwa da tsohon a hannu, akwai lambobi uku a fuskarsa, faɗin ciki, faɗin waje da kauri, a ba ka daidai su. Kafin a sa sabon, a kama sandar sufaket a girgiza. In tana wasa, boris ɗin ciki ya tafi, sabon sil ba zai yi wata ba, a nan ne kaɗai maganar raba inji za ta taso. In ba ta motsi, a shafa wa leɓen sil ɗin ɗan mai, a shigar da shi a miƙe da soket mai faɗinsa, kada yaro ya sa masa sukundireba. Cen kuma a bar masa wasa kamar yatsu biyu a tsakiya, cen mai tauri shi ke cin wannan wurin. Hodar da ta rage ka sake barbaɗawa bayan an gama, ka hau zuwa makaranta ka dawo, ka faɗa mana abin da ka gani.