Bushewar fata da zubewar gashi: shin daga maƙoƙo ne?

Uwargida daga Rigasa:
Assalamu alaikum. Ƙanwata ta haihu bara, kuma tun bayan da ta gama wankan jego fatarta ke bushewa tana kaushi, gashinta na biyo mataji, har gefen girarta ya fara sirancewa. Mun ɗora laifin a kan hunturu, to ga shi damina ta sauka a Kaduna abin bai sauya ba. Ko ƙaramin yanka ta samu a kicin sai ya daɗe bai kame ba. Wata maƙwabciya ta ce alamar maƙoƙo ce, alhali wuyanta babu kumburi. Mene ne haɗin wuya da fata?

Ma'aikacin jinya, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Haɗin yana da ƙarfi. A gaban wuya akwai wata 'yar tsoka da ake kira tayirod, wadda ke fitar da sinadarai biyu, T4 da T3, masu daidaita saurin aikin jiki gaba ɗaya. Idan suka yi ƙaranci, fata ba ta sabunta kanta da wuri, gumi da maiƙonta su ragu, shi ya sa take yin sanyi da kaushi, farce ya yi gautsi, fuska ta ɗan tasa. Rauni ma yana jinkirin warkewa, domin ƙwayoyin fatar da za su yaɗu su rufe bakinsa sun yi sanyin aiki. Kumburin wuya kuwa, wato maƙoƙo, wanda girman tayirod ke kawowa, ba sharaɗi ba ne. Mutane da yawa na da cutar tayirod alhali wuyansu sumul yake.

Ki tambaye ta ko tana jin sanyi lokacin da kowa ke neman fanka, ko tana fama da kasala, taurin bayan gida da ƙarin nauyi. Wasu matan tayirod ɗinsu na samun matsala cikin shekarar farko bayan haihuwa. Gwajin jini na TSH, wanda ke nuna yadda tayirod ke aiki, shi ne zai raba gardama, kuma ana iya ganin likita a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A haɗa da gwajin suga, saboda ciwon suga ma yana jinkirta warkewar rauni.

Mai kitso daga Kawo:
Ni dai a ganina, Yaya, kada a yi gaggawa. Masu jego da yawa na zubar da gashi wata 3 zuwa 4 bayan haihuwa, kuma yana dawowa da kansa. Ta riƙa shafa man kaɗanya, ta bar kitso mai ɗaure kai, ta kuma ƙara gishiri mai aidin, sinadarin da tayirod ke buƙata, a miya.

Mai harhaɗa magunguna, Malali:
Maganarki a kan masu jego gaskiya ce, sai dai wannan zubewar ba ta zuwa da sirancewar gira da jinkirin warkewar rauni. Batun ƙara gishiri kuwa ban goyi bayansa ba. Tun 1993 Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin ci, kuma idan garkuwar jiki ce ke yaƙar tayirod, yawan aidin na iya dagula lamarin.

Hajiya, idan gwaji ya nuna ƙaranci, likita na iya rubuta levothyroxine, maganin da ke cike gurbin T4, wanda ake sha da safe kafin a ci komai, a kuma raba shi da maganin ƙarin jini da kusan awa 4, domin sinadarin ƙarfe na hana hanji tsotse shi. Ana sake gwaji bayan mako 6 zuwa 8 don daidaita adadin. Fata kan riga gashi murmurewa, saboda tushen gashin da ya tsaya yakan huta kamar wata 3 kafin ya sake tsiro, don haka kada ta ƙara wa kanta ƙwaya don ta ga kai bai cika ba. Yawan maganin na kawo saurin bugun zuciya, zufa da wata sabuwar zubewar gashi. Idan tana shan ƙwayoyin gyaran gashi masu biotin (wani nau'in bitamin), ta faɗa wa likita kafin a ɗebi jininta, domin suna iya karkatar da sakamakon.