Wa ke zaɓen 'yan wasan Black Stars, kuma daga aljihun wa ake ɗaukar nauyinsu?

Ɗan Nima ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Tun da Black Stars, tawagar ƙwallon ƙafar Ghana, suka samu gurbin zuwa gasar cin kofin duniya ta 2026, bayan ƙwallon da ɗan unguwarmu Mohammed Kudus ya zura wa Komoros a filin wasa na Accra, gardama ba ta lafa ba a majalisarmu ta shan ataya. Wasu sun dage cewa koci shi kaɗai ke fitar da sunayen 'yan wasa, wasu kuma na cewa manyan hukumar ƙwallo ne ke cusa masa 'yan gaban goshinsu. Haka nan ba mu daidaita ba kan wanda ke biyan kuɗin jirgi da masauki da alawus, shin gwamnati ce ko FIFA. Ina roƙon masu sani su warware mana.

Malam Na-Aboabo, daga Kumasi, ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Zan ɗauki tambayar kuɗi, domin daga nan yawancin rigingimunmu suke tasowa. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Ghana, wato GFA, ba ma'aikatar gwamnati ba ce, kuma dokokin FIFA sun hana gwamnati tsoma baki cikin tafiyar da ita. Amma idan tafiya ta taso, hukumar ce ke tsara kasafi ta miƙa wa Ma'aikatar Wasanni, kuma daga baitulmali ake fitar da kaso mafi tsoka, sai abin da kamfanoni masu ɗaukar nauyi suka ƙara. FIFA tana biya, amma babban rabon sai an gama gasa yake zuwa. A gasar Katar ta 2022 ta bai wa kowace ƙasa dala miliyan 1.5 domin shiri, sannan duk wadda aka fitar tun daga rukuni, kamar mu, ta tashi da dala miliyan 9. Ka ga ke nan gwamnati ce ke fara zuba kuɗin harajinmu tun kafin wancan ya shigo.

Abin da jinkiri ke haifarwa mun gan shi a Brazil a 2014, lokacin da 'yan wasa suka yi barazanar ƙauracewa atisaye saboda ba a biya su kuɗin halartar gasa ba, har gwamnati ta loda tsabar kuɗi kimanin dala miliyan 3 a jirgin sama zuwa Brasilia, duniya tana kallo a talabijin. A cikin wannan hargitsi aka sallami Sulley Muntari da Kevin-Prince Boateng daga sansani, Fotugal ta doke mu, muka dawo gida da maki ɗaya. Shugaba Mahama ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai shari'a Dzamefe. A nawa ganin ba yawan kuɗin ne ya kunyata mu ba, rashin rubuta yarjejeniya ne da kuma rashin biya ta banki kafin kowa ya shiga sansani.

Tsohon Gola, daga Sabon Zongo, ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa. Game da zaɓe, a ƙa'ida koci ne ke fitar da sunaye tare da mataimakansa, kuma zargin cusa 'yan wasa ya daɗe yana yawo, amma bai kamata mu ɗora wa wani laifi ba tare da hujja ba. Abin da ya fi damuna shi ne koci ba ya daɗewa har ya san yaransa. Daga 2021 zuwa 2024 an sallami C.K. Akonnor, an dawo da Milovan Rajevac an sallame shi bayan Komoros ta ci mu 3-2 a gasar cin kofin Afirka a Kamaru, Otto Addo ya kai mu Katar ya ajiye aiki, Chris Hughton ya zo ya tafi bayan gasar Afirka ta Kodebuwa, sannan aka sake kiran Addo. Ga shi kuma kulob ɗin Turai ba sa sakin ɗan wasa sai a 'yan kwanakin da FIFA ta ware, don haka a kan buga wasa bayan atisaye biyu ko uku kacal.

Ku tuna cewa tawagar da ta kai wasan kusa da na kusa da ƙarshe a Afirka ta Kudu a 2010 ta samu ƙarfi daga yaran koci Sellas Tetteh, irin su André Ayew da Dominic Adiyiah, waɗanda suka ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a Masar a 2009. Sun taso tare, sun san tafiyar juna. Ba na adawa da kiran waɗanda aka haifa a waje, kamar Iñaki Williams da Tariq Lamptey da suka zo a 2022, amma Sudan ƙarƙashin koci Kwesi Appiah, wadda yawancin 'yan wasanta na Al Hilal ne da Al Merrikh, ta wuce mu zuwa gasar Afirka ta 2025, mu kuwa ko wasa ɗaya ba mu ci ba a rukunin. Ni da za a ji ta tawa, a ware wa 'yan gasar cikin gida gurabe tabbatattu.

Hajiyar Madina ta amsa:

Ranku ya daɗe, duk maganarku ta tsaya kan maza masu buga ƙwallo. Lambobin yabo 5 Ghana take da su a tarihin Olamfik, 4 daga ciki na dambe ne, tun daga azurfar Clement Quartey a 1960 zuwa tagullar Samuel Takyi a Tokyo. Black Queens, tawagar ƙwallon matanmu, ma sun zo na uku a gasar mata ta Afirka da aka buga a Maroko a 2025. Idan ana rabon kasafin wasanni, ya dace a tambayi nawa ke isa ga yaran Bukom, unguwar 'yan dambe a Accra, da kuma matan.

Malam Na-Aboabo ya ƙara da cewa:

Hajiya, gaskiyarki. Amma Tsohon Gola, ban bi ka kan ware gurabe ba, domin rigar ƙasa ba a rabonta don tausayi, kuma koci da aka tilasta masa ɗaukar wani zai samu uzurin faɗuwa tun kafin a busa usur. Idan ana son ɗan Kotoko ko na Hearts of Oak ya ƙwace gurbi da ƙafarsa, sai a gyara inda yake wasa da abin da ake biyansa a wata. Mu nan Kumasi mun ga yadda hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta janye amincewarta da filin Baba Yara a Satumbar 2024, bayan wasanmu da Angola, saboda lalacewar ciyawa, alhali a wannan filin ne Kotoko ke karɓar baƙuncin wasanninta na gida.