Jan Biri a Mafarki: Wa Zai Fassara?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga abin da ya hana ni sukuni, masu ilimi su warware mini.

Jiya da dare na ga jan biri,
Ya shigo shagona a Kwari,
Ya ɗau hulata ya sa da wuri,
Ya hau kan dilar da na yi sari.

Ya jawo akwatin da nake tara jari,
Yana ƙirga kuɗi ɗari-ɗari,
Na ɗaga sanda in kai masa hari,
Hannu ya ƙi, na farka da tari.

Akwai yaron da na ɗauka a shago bayan babbar sallah, maraya ne, ɗan maƙwabta. Tun da na farka zuciyata shi take raya mini.

Alƙalamin Zazzau:
Bakano, miƙo mini kunnenka,
Ibnu Sirina ya riga ya amsa ka:
Biri mayaudari ne a gefenka,
Yana ci da kai, yana haƙa raminka.

Wasu na barci su gano Makka,
Kai ko sai akwatin kuɗinka.

Haka yake a littafinsa na fassarar mafarki, haka kuma a Ta'aɗirul Anam na Nabulusi: biri mutum ne da ni'ima ta gushe masa, ko mai makirci. Sun ce wanda ya yi kokawa da biri ya kayar da shi zai yi ciwo ya warke, in birin ne ya yi rinjaye ciwon zai daɗe.

Ɗan Kwari:
Bazazzagi, na ji karatunka,
Na aro ne, ba gumin goshinka,
Shaddar nan da ke jikinka,
Daga Kwari take, bashin na kanka.

'Yar Damagaram:
Yaya, tsaya in yi ma tambaya,
Me ka gani a hannun maraya?
Ya taɓa ɗaukar ko allura ɗaya?
Ko ka kama bakinsa da ƙarya?

Biri ka gani da jar wutsiya,
Ka tashi ka sa ɗan mutane a wuya,
Zato zunubi ko ya zam gaskiya,
Ji tsoron Allah, ka kuma ji kunya.

Ku bar wasan Kano da Zariya tukuna. Abincin yaro ake magana a kai, shi kuma bai san ma ana yi ba.

Malam na Zaure:
Mafarki kashi uku ne, 'ya'yana,
Haka Buhari da Muslimu suka bayyana:
Akwai bushara daga Ubangijina,
Akwai na Shaiɗan mai sa rai ƙuna,
Akwai abin da ka wuni kana ta juyawa da rana,
Shi ne ke biyo ka inda ka kwana.

Ɗana Ɗan Kwari, wanda ya ga abin ƙi a barci an hore shi ya yi tofi sau uku ta hagunsa, ya nemi tsari daga Shaiɗan, ya sauya gefen kwanciya, kada ya ba kowa labari, ba zai cutar da shi ba. Kai kuwa ka baje shi a gaban jama'a.

Kai kuma Alƙalami, Muhammadu ɗan Sirina tabi'i ne, ya rasu a Basra a shekara ta 110 bayan hijira, kuma malamai da yawa ba su yarda shi ya rubuta littafin da ake sayarwa da sunansa ba. Abin da aka san shi da shi, yana duban mai mafarkin kafin mafarkin. An ruwaito mutum biyu sun zo masa, kowanne ya ga yana kiran salla. Ya ce da ɗaya za ka yi hajji, ya ce da ɗayan ɓarawo ne kai. Na farko ya ga alamar kirki a tare da shi, ya ɗauko ayar kira zuwa hajji. Na biyun ya ɗauko masa ayar mai shela a kan ayarin 'yan uwan Annabi Yusufu. Kai ka taɓa ganin fuskar Ɗan Kwari? Ka taɓa ganin yaron? An tambayi Imamu Malik ko kowa zai iya fassara mafarki, ya ce da annabci za a yi wasa?

Baffan Gombe:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya! Wannan ita ce amsa, sauran duk hayaniya ce. Wanda ya buɗe littafi ɗaya ya ɗauka ya zama mai fassara, to yau ya ji.

Alƙalamin Zazzau:
Malam, na durƙusa a gabanka,
Ban isa in ja da iliminka,
Amma Baƙara na nan a allonka,
Aya ta 65, duba da kanka:
Masu saɓon Asabar, in tuna maka,
Birai aka mai da su, ina musunka?
In biri alheri ne a ganinka,
Me ya sa azaba ta zo da siffar haka?

Shi kuma Baffa, ban yi da shi ba. Mai amshi ba ya cikin masu waƙa.

Malam na Zaure:
Ayar gaskiya ce, tana kuma cikin A'arafi, aya ta 166. Sai dai a Sahihu Muslim, hadisin Ibnu Mas'udu, an tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da birai da aladu, ya ce Allah bai sanya wa waɗanda aka shafe zuriya ba, kuma akwai birai tun kafin nan. Birin dawa halitta ce mai tasbihi kamar sauran. Ban ce maka alheri ne ba, cewa na yi ba a yanke wa bawan Allah hukunci da shi.

Mai Ma'auni:
A gafarce ni, Malam, ilimi ya zauna amma waƙa ta faɗi. Ɗangonka na biyar gaɓa 17 ne, na shida 11. Wane kari ne zai ɗauki wannan?

Ɗango biyar ya yi tsawo ainun,
Ya bar 'yan uwansa a bayan zaure,
In za a yi waƙa a auna ta,
Kar a jiƙa gari a ce an dama.

Baffan Gombe:
Mai Ma'auni, ina amsa-amonka?
Huɗu ka jera, kowanne da harka,
Ka zo gyaran ɗangon malaminka,
Ka bar naka tsirara a bayanka.

Mai Ma'auni:
Baffa, da gangan na sake shi, don a ga kari na iya tsayawa ba amsa-amo, amma amsa-amo ba ya tsayawa ba kari. Halilu ɗan Ahmadu, shi ma mutumin Basra, ya fitar da karuruwan waƙar Larabci 15, Ahfashu ya ƙara Mutadarak suka zama 16. A kansu malaman Sakkwato suka gina waƙoƙinsu na Hausa. Ku nuna mini ko ɗaya da baitin Malam ya hau.

Uwar Gida Mai Tsaba:
Kai ɗana, makaɗan fada da na noma da wane Halilu suka yi karatu? Kalangu da kotso ne ma'auninsu, in ɗango ya yi tsawo su ja numfashi su cike. Na rera baitin Malam ina tankaɗe, bai sarƙe mini ba.

Mai Ma'auni:
Inna, waƙar baka daban, rubutacciya daban. Nan rubutawa muke yi, ba mai kiɗa a bayanmu.

Baffan Gombe:
To rubuto mana taka mai amsa-amo mu gani, tun ɗazu gyara kake ba ka dasa komai ba.

Manomin Alkaleri:
Sai yanzu na shigo, na tarar an bar biri ana ƙirga gaɓa. Ni da shi muke kwana muke tashi.

Ku tambaye ni labarin jan biri,
Ni da ke noma kusa da Yankari,
Babbansu kan hau can kan suri,
Yana gadi, saura na shiri.

Masara ta nuna, su zo da wuri,
Su ɓare goyo, su ciza, su bari,
Ka jefa dutse su watse da sauri,
Ka juya baya su dawo gari.

In ka je Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke Yankari, ka ajiye burodi a gefen ruwa, gwaggon biri zai zo a tsanake ya ɗauka yana kallon idonka. Duk damina sai na yi mafarkinsu, wani lokaci har in farka ina ihu, kuma ban taɓa zargin maƙwabcina ba. Abin da ke cin raina da rana shi nake gani da dare. Ɗan Kwari tsoron asara ne ya cika masa ciki, ga kasuwa ba ciniki.

Alƙalamin Zazzau:
Ai Kanawa sun saba da wannan harka,
Kuɗi in sun ɓace, biri ake nuna maka.

A 2019 ba a Kano aka yi ta yaɗa cewa gwaggon biri ya haɗiye kusan naira miliyan 7 a gidan namun daji ba? Har gwamnan lokacin ya fito ya ce babu irin wannan birin ma a gidan.

Ɗan Kwari:
Bazazzagi, ɗazu ka ce biri ne mugu,
Yanzu ka koma kana ba shi mafaka a lungu,
Harshenka biyu, dama da hagu,
Wa zai bi fassarar mai tafiya a gurgu?

'Yar Damagaram:
Yaya, ka amsa wa kowa ban da ni ɗaya,
Baiti huɗu ka ƙera don Zariya,
Ni tambayata tana nan a hanya:
Gobe zai buɗe shagon, ko ka kore shi gaba ɗaya?

In ƙirga kaya za ka yi, ka ƙirga a gabansa da littafin ciniki, kamar yadda ake yi wa kowane yaron shago. Kada ka kuskura ka ambata masa mafarkin nan.

Mai Ma'auni:
Ɗan Kwari, "a gurgu" ba Hausa ba ce, don amsa-amo kawai ka lanƙwasa ta. Manomi kaɗai ne ya kusa hawa kari a yau.

Baffan Gombe:
Har yanzu muna jiran baitinka,
Kai mai awon abin da ba naka,
Ga amsa-amon "ri" nan a gabanka,
Ƙwar huɗu kawai, nuna gwanintarka.

Mai Ma'auni:
Zan kawo shi bayan isha'i, a karin Mutaƙarab. Inna ta tanadi rariyarta, Baffa kuma ya zo da yatsunsa na ƙirga.