Tsohon wurin aikina sun riƙe mini wasiƙuna, ya zan yi?

Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin doka ku taimaka mini. Shekara shida na yi ina aiki a wani kamfanin sayar da kayan gini nan Maradi, wata huɗu ke nan da na bari. To kun san nan ba a kawo wasiƙa gida, sai in kana da buwat, wato akwatin wasiƙa, a posta, ni kuwa ban taɓa kama tawa ba, lambar buwat ɗin kamfanin na ba banki da CNSS (asusun fanshon ma'aikata) tun da na fara aiki, duk takarduna can suke zuwa.

Wani ɗan uwa da ke can har yanzu ya gaya mini ambulan biyu sun zo da sunana, ɗaya ma an buɗe ta. Na je da kaina, sakatare ta ce sai patron ya dawo, na koma sau uku, ƙarshe ya aiko a gaya mini wai duk abin da ya faɗa buwat ɗinsu nasu ne tunda su ke biyan kuɗinta. Gaskiya ba mu rabu da daɗi ba, amma sunana ne fa a jiki ba na kamfani ba.

Na riga na canza adireshi a banki, waɗannan ambulan biyun ne damuwata. Suna da ikon buɗewa ko riƙewa? Komisariya zan nufa, ko wajen sufeton aiki, ko in biya wisiye (ma'aikacin shari'a mai isar da takardun kotu) ya je ya karɓo? Ba na son rigima tunda satifikat ɗin aikina ma yana hannunsu.