Neman kalmar Hausa: me za mu kira "basaitis" na kafaɗa?

1/ Jama'a, ina neman a taya ni daidaita wata kalma. Watan jiya na raka Goggona asibiti daga Tudun Wadar Zariya. Wata huɗu ke nan kafaɗarta ta dama tana hana ta barci, da ta juya ta danne ta sai ta farka da salati. Ɗaura ɗankwali ya gagare ta, shanya a igiya sai jikoki. Likita ya duba, aka yi hoto, ya ce basaitis ne. Ta juyo ta ce, "Kai ɗan nan, me ya ce?" Na laluba bakina ban samu komai ba, sai na ce, "Sanyin ƙashi ne, Goggo." Har muka wuce Kwangila abin yana ci na, don na san ba shi ba ne.

2/ A jikin mutum akwai wasu 'yan jakunkuna masu siririn tantani, kimanin 150, kowace da ɗan ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa. Likitoci na kiran ɗaya "bursa", kumburinta kuma shi ne "basaitis". Suna zaune ne inda jijiya ko tsoka ke gogar ƙashi, don abu ya riƙa zamewa salin-alin. Ta kafaɗa tana ƙarƙashin ƙashin nan da ya yi wa gaɓar rumfa, a saman jijiyoyi huɗu da ke riƙe da kan ƙashin dantse. Wurin matsattse ne ƙwarai. In ta kumbura, duk ɗaga hannu sai an matse ta, kuma zafin ya fi tsanani daga inda hannu ya kusa daidai da kafaɗa zuwa ya ɗan haura ta. Masu filasta da masu fenti sun san shi, haka matan da suka shekara suna ɗaga taɓarya.

3/ Sanyin ƙashi ya zama buhun da muke cusa kowane ciwon gaɓa. Wanda aka ce masa sanyi ne, wajen wanzami zai nufa a yi ƙaho, ko ya dawwama kan ƙwayar kashe zafi daga kemis har ta taɓa masa ciki ko ƙoda. Amosanin gaɓa ma bai dace ba, don shi a cikin gaɓar kanta yake, wannan kuwa a wajenta.

4/ Wani abokina malamin makaranta a Samaru ya ce a kira ta "gammon gaɓa". Na so kalmar, na kwana biyu ina juya ta. Amma aikin gammo tare nauyi ne, ita kuwa wannan hana guga take yi. Kuma gammo ba ya ɗaukar ruwa, ba ya kumbura. A ganina a ajiye shi don guringuntsin nan na cikin gwiwa da ke ɗauke da nauyin jiki, can ya fi zama daram.

5/ "Jakar gaɓa" ba laifi, sai dai ta yi faɗi, ba ta nuna me ke ciki.

6/ Ni zaɓina SALKA. Jakar fata ce mai laushi, ruwa take riƙewa, in babu komai ta lafe, in ta cika ta yi tim. Ita kanta "bursa" a Latin jaka ce ta fata, ta samo asali daga kalmar Girkanci mai nufin fatar dabba. Wato su ma daga wajen majema suka aro. Na san yaran da suka tashi da ruwan leda da yawa ba su taɓa ganin salka ba, amma ba mu rasa dattawan da za su nuna musu, kuma a Zariya, garin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 bai kamata farfaɗo da kalma ɗaya ya gagare mu ba. Don haka: salkar kafaɗa, ciwon kuma kumburin salkar kafaɗa.

7/ Na gwada ta da bayanin magani, ta ɗauka. A hutar da hannu daga aikin sama, amma kar a ɗaure shi gaba ɗaya, kafaɗa na iya sanƙarewa. A ɗora ƙanƙara cikin tsumma, a sha maganin rage kumburi na ɗan lokaci, a je gashi da motsa gaɓa wajen ƙwararru. In bai lafa ba, a yi allurar sitiroyid cikin salkar, mai ciwon suga kuma ya faɗa tun da wuri don tana ɗaga suga na 'yan kwanaki. In wurin ya yi ja da zafi ga zazzaɓi, wataƙila salkar ta yi mugunya, wannan na gaggawa ne.

8/ Tiyata ita ce ta ƙarshe, bayan watanni an gwada sauran. Akan yi 'yan huji ƙanana a zura kyamara, a cire salkar, wani lokaci a kankare ƙasan ƙashin rumfar don wurin ya buɗe. Wani likitan Amurka, Charles Neer, shi ya bayyana kankarar nan a 1972. Amma a 2018 bincike biyu, ɗaya a Birtaniya ɗaya a Finlan, sun nuna waɗanda aka kankare wa ƙashi ba su fi waɗanda aka leƙa da kyamara kawai samun sauƙi na a zo a gani ba. Majinyacin da ya gane "cire salka" daban, "kankare ƙashi" daban, shi zai iya tambayar likita wanne za a yi masa da kuma dalili.

9/ Na koma na gyara wa Goggo maganata. Ta ce, "Au, ashe salka ce ta cika? To ai sai a bar ta ta sace." Tun ranar ba ta ƙara zancen ƙaho ba, tana zuwa gashinta.

10/ Ɗaliban likitanci na Shika da na sashen Hausa a ABU, ku gwada ta da majinyata ku faɗa mini inda ta yi tuntuɓe. Jijiyoyin nan huɗu kuma har yanzu ba su da suna, kuma "jijiya" kaɗai ba za ta wadatar ba tunda da ita muke kiran ta jini ma. Wa ke da shawara?