Waƙar juriya ce ko dai cika baki ne kawai?

Mai_Kunne:
Salam jama'a, dan Allah masu jin hip hop ku warware min wani abu. Duk waƙar da aka ce maka ta juriya ce, baitin farko yunwa da bashi da rashin uba, kafin ka ankara a baiti na uku mutumin ya koma lissafa motoci da sarƙar gwal yana yi wa maƙiya habaici. To ina juriyar take a nan?

Tsohon_DJ:
Wslm ɗan uwa. Ai sai ka duba inda abin ya samo asali. A Bronx ta birnin New York hip hop ya fara a 1973, lokacin gidaje sai cin wuta suke a unguwar, masu hali sun tashi sun bar talakawa baƙar fata da 'yan Latin, ba aikin yi ba komai. A 1982 waƙar The Message ta fito tana zayyana ƙuncin geto ba kwaskwarima. Yaron da ya taso a haka kullum ana ce masa ba zai zama komai ba, ranar da ya sayi mota ai dole duniya ta ji, motar nan hujjarsa ce.

Yar_Baba:
Yaya DJ gsky ban yarda duka ba, wasu ko wuyar ba su sha ba, sun ga ita ke ciniki ne kawai suka ara suka yafa. Ni abin da nake dubawa shi ne mutum ya faɗi wace wuyar. Kanye West ya yi hatsarin mota a 2002, muƙamuƙinsa a ɗaure da waya ya shiga situdiyo ya ɗauki Through the Wire, kana ji kalmomin na fita da ƙyar. Tupac kuma a Dear Mama ta 1995 bai ɓoye cewa mahaifiyarsa ta faɗa shan ƙwaya ba amma duk da haka ya jinjina mata, wlh ba kowa zai iya wannan ba. Amma na sha wuya na sha wuya har a gama waƙa ba bayani, wannan ko ni zan iya lol

Baƙon_Dare:
Ku duka mawaƙin kuke kallo kun bar mai sauraro. Alright ta Kendrick Lamar a 2015 ta fito, a shekarar masu zanga-zangar Black Lives Matter, wato masu fafutukar kare rayukan baƙar fata, suka riƙa rera amshinta a titunan Amurka, babu wanda ya tsaya tambayar motocinsa nawa. Mai_Kunne ka nemo ta ka ji baitocin da kyau ba kiɗan kawai ba sai mu ci gaba.