Wane suna za mu raɗa wa agogon da ke nuna yawan jama'a?

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa masu aikin fassara. Jiya ina shirya labari a wani gidan rediyo a nan Kano sai na ci karo da abin da Turawa ke kira population clock, wato shafin intanet ɗin nan da lambobinsa ba sa tsayawa, yana nuna yawan mutanen duniya da na ƙasashe, irin na Hukumar Ƙidaya ta Amurka da na Worldometer. Abokin aikina ya ce mu rubuta "ƙidaya kai tsaye", ni kuwa ban gamsu ba.

Ƙidaya a wurinmu ita ce a bi gida-gida a ƙirga mutane, kamar ta 2006 da aka samu mutum miliyan 140 da ɗoriya a Najeriya, jihar Kano kuma sama da miliyan 9. Wannan agogon ba ya ƙirga kowa. Babu mai sanar da shi idan an haihu a asibitin Murtala, ko an kai mamaci maƙabartar Dandolo. Alƙaluman ƙidayar baya ake ɗauka, a lissafa haihuwa da mutuwa da ƙaura na shekara, sannan a rarraba su a kan daƙiƙoƙi, inda a duniya ake samun haihuwa kusan 4 da rasuwa kusan 2 a kowace daƙiƙa. Hatta ranar 15 ga Nuwamba 2022, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mun cika biliyan 8, da lissafi aka tsayar da ita. Mai sauraronmu kuwa, da ya saba jin "kai tsaye" a tafsirin azumi, zai ɗauka abin da ke faruwa yanzu ake nuna masa.

Wani dattijo a ofishinmu ya kawo "hasashe", amma hasashe ya fi karkata ga abin da bai zo ba tukuna. Shawarata ita ce "agogon ƙiyasin jama'a". Duk wanda ya zauna a zauren karatun fiƙihu ya san ƙiyasi, wato a auna abin da ba a sani ba da wanda aka sani, kuma aikin ke nan da ake yi a nan. "Agogo" ma ta dace, domin agogo yana kaucewa idan ya daɗe ba a saita shi ba, namu kuwa tun 2006 rabonsa da saiti, tunda an ɗage ƙidayar 2023.

Abin da ya rage mini shi ne zaɓi tsakanin "jama'a" da "al'umma". Na fi son ta farko, domin al'umma tana nuni ga mutanen da wani abu ya haɗa su, amma ina sauraron gyaranku, malamai.